Zanin Goyo a Bangon Kamfani

Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina planto a wani kamfani a Sokode, wato ɗan aiken ofis. In takarda za ta hau bene, ni ne ƙafarta. In baƙi sun zo, ni ne mai shayi. Karatuna na lakwal, wato makarantar boko, aji biyu ne, shi ma na biyun rabinsa a kan bishiyar mangwaro na yi shi. Hausar nan da nake rubutawa da girmana na ƙarasa koyonta. Amma ina da tabarau. A babbar kasuwa na saye shi, ba ya ƙara mini gani ko kaɗan, sai dai in an miƙo mini takarda nakan ɗora shi a hanci, in yamutsa fuska, in ce "to, to," in sa hannu. Har sababbin ma'aikata suka ɗauka Faransanci nake karantawa.

Wata shekara kamfani ya gina sabon bene. Manya daga Lome suka zo suka zagaya, suka ce bango ya yi tsirara, ma'aikata kuma ba sa magana da juna. Gaskiya suka faɗa. Na sama ba sa gaida na ƙasa, na ƙasa kuma muna gaishe su, muna zaginsu a ciki. Sai suka turo wata mata mai aikin fasaha, siririya, da zobba a kowane yatsa, wai ta haɗa mu mu yi abin ado da hannunmu, a rataye a ƙofar shiga.

Aka tara mu a babban ɗakin taro, daga darakta har mai shara. Ran nan ne na fara zama a kujerar ɗakin nan, bayan shekarun da na yi ina goge ta. Matar ta ce kowa ya kawo wani tufa daga gidansa, wanda yake da labari. Sakatariya tana juya mana da Kotokolanci da Hausa. Ana cikin haka sai ta tsaya ta yafito ni da ido: ruwan sanyi ya ƙare. Na tashi na tafi shago. Da na dawo da kwali a ka, ana tafi, an gama. Takarda tana zagayawa, na ɗora tabarau, na ce "to, to," na sa hannu.

Abin da aka faɗa a bayana shi ne za a yayyanka tufafin, a saƙa su wuri ɗaya. Abin da takardar ta ce ke nan. Ban tambayi kowa ba, don a ganina na riga na gane. A unguwarmu ta Didawure, in ana biki ko alhazai sun dawo, ana bin gidaje a ari zannuwa masu kyau a lulluɓe bango da su. In an watse a ninke, a sa goro biyu a ciki, a mayar wa mai shi. Duk wanda ya tashi a nan ya san in an ce kawo zani a ƙawata bango, aro ake nufi.

Akwai direban darakta, Bakotokole, abokin tsiyata tun farkon zuwana. Yana ce mini Minista, ina ce masa Mai Kashe Kaji, don babu ƙauyen da ke kan hanyar Kara da bai bar gashin kaza a ciki ba. Ya tare ni a bakin ƙofa.

"Minista, kai me za ka kawo? Tsumman goge tebur?"

"Kai dai kawo naka."

"Rigar kakana zan kawo, wadda ya gana da Bature a cikinta. Ku fatake me kuka gada? Buhun goro?"

"Ranar Juma'a ka zo da idonka biyu," na ce masa.

Na faɗa ne kawai, ban san abin da zan kawo ba. Sai da na koma gida na zauna a bakin gado, idona ya faɗa kan akwatin ƙarfen da ke ƙuryar ɗaki.

Matata ta rasu shekara uku kafin nan. 'Ya ɗaya Allah ya bar mana, mai sunan mahaifiyata, shi ya sa nake kiranta Uwata. Tana aure a Dapaong. Bayan rabon gado ta rarraba wa 'yan'uwan uwarta yawancin kayan, ta ware kaɗan ta zuba a akwatin nan. Ɗakin hayarsu ƙarami ne kuma yana yoyo, sai ta ɗora akwatin a kan bulo huɗu a ɗakina, ta miƙo mini makulli.

"Baba, ajiya ce. Kar ka bari kowa ya buɗe."

"Wa zai buɗe, Uwata? Ni kaɗai ne a gidan."

A can ƙasan akwatin akwai zanin goyo, saƙi ne, baƙi da fari, wanda surukata ta sa wani masaƙi ya saƙa lokacin da aka haifi yarinyar. A ciki aka goye ta har ta yi ƙafa. Kusa da bakinsa akwai wata 'yar ƙuna: garwashi ne ya yi tsalle wata rana marigayiya tana suyar wagashi, cukun nan na nono, da goyo a baya, ta bi bakin hudar da jan zare ta ɗaure. Uwata ta shekara bakwai a ɗakin miji ba haihuwa. Ba ta taɓa faɗa mini abin da ya sa ta ajiye zanin ba, ni ma ban tambaya ba, mun dai sani.

Na buɗe. Ƙamshin marigayiya ya bugi fuskata, na ɗan zauna. Sannan na ce wa kaina, sati ɗaya ne, ya sha iskar kilima, na'urar sanyin ofis, ya dawo, wa zai sani?

Ranar Juma'a direba ya zo da wata tsohuwar riga da ya saba goge gilashin mota da ita. Kakan nasa ko zancensa bai sake yi ba. Darakta ya kawo laktaye, abin ɗaure wuyan nan na Turawa. Mai shara ta kawo ɗankwalin da ta fara zuwa aiki da shi. Ni kuwa da na warware zanina kowa ya miƙo wuya. Matar ta shafa shi da bayan hannu, ta ce in ba da labarinsa. Na bayar, na ƙara gishiri, har na ce garwashin saura kaɗan ya kama gida. Idonta ya kawo ruwa. Ta ce wa sakatariya ta tambaye ni.

"Papa, ta ce kun tabbata kuna son ba da wannan?"

"Tabbas."

"Ta ce ku sake tunani. Za ku iya kawo wani."

Na kalli direba, bakinsa a buɗe. Na ce, "Faɗa mata mu ba ma kawo tsumma."

Sau biyu baiwar Allahn nan ta tambaye ni. Ba ni da abin da zan ɗora mata.

Ran Litinin aka aike ni gidan waya, layi ya riƙe ni har bayan azahar. Na dawo na ji dariya daga ɗakin taro. An kafa wani babban katako mai ƙusoshi, an ja zaruruwa daga sama zuwa ƙasa. Tebur cike da almakashi. Matar ta tsara cewa kowa ya yanka na wani, ba nasa ba, wai don a san juna. Nawa a hannun direba ya faɗa. Ya ɗago mini wani tuli na tsiri-tsiri, kowane faɗin yatsa biyu, baƙi da fari.

"Minista! Zaninka taurin kai gare shi irin naka. Almakashi biyu ya dakushe."

Ban san yadda fuskata ta yi ba, amma dariyarsa ta tsaya. Ya matso ya rage murya.

"Kai. Ba ka san za a yanka ba?"

"Na sani mana. Ba ni na sa hannu ba?"

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ajiye almakashin ya fita, wai zai duba mota.

Ni kuwa na ja kujera na zauna na kama saƙa. Me zan yi? Da hannuna na riƙa cusa zanin matata tsakanin laktayen darakta da rigar goge gilashi. Kullum da la'asar muke yi, kusan wata guda. Abin da ya fi ci mini rai shi ne dabarar mutanen Lome ta yi aiki. Na ga babban akawu yana riƙe wa mai shara zare tana yi masa faɗa ya ja da kyau. Darakta ya koyi sunan mai gadi. Ni ma aka gano hannuna ya fi na kowa, matar tana kiran mutane su zo su ga yadda Papa yake matse layi. Ina ta murmushin dole.

Ranar ƙarshe ina kwashe kwandon shara na ga wani guntu, tsawon tafin hannu. Wurin ƙunar ne, da jan zarensa. An datse shi an yar don ya lalace. Na kakkaɓe shi, na cusa a cikin naɗin hulata.

Abin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Aka rataye shi a ƙofar shiga, aka yi jawabi, aka ɗauki hoto, aka kafa ɗan allo da sunayenmu. An ce nawa yana layi na uku. Kullum da safe in wuce ta gabansa da tiren shayi, in kau da kai. In Uwata ta kira ranar Juma'a ta ce, "Baba, ya gida?" in ce lafiya lau, in yi sauri in kawo zancen ruwan sama.

Shekara biyu a haka. Na yi ritaya. Wata rana direba ya biyo ta gidana, ya ƙi zama.

"An ɗauke abin adon nan," ya ce. "Sun buɗe sabon reshe, an ce a kai can ya ɗan zauna. Ni na kai shi."

"Ina?"

"Dapaong."

Duk faɗin ƙasar nan. Ban gama haɗiye wannan ba, a watan nan Uwata ta kira. Cikinta wata bakwai, sun ɓoye ne don tsoron baki. Na yi kabbara, na yi hawaye, na ce a ba ni mijin in yi masa barka. Da ta karɓi wayar ta ce:

"Baba, in za ka zo suna, ka taho mini da zanin Mma. Yana can ƙasan akwati."

Na ce, "To, to."

Mutumin kirki da a nan ya faɗi gaskiya. Ni wurin masaƙi na tafi. Na kai masa guntun da ke hulata, na ce ya saƙa mini irinsa sak. Tsohon ya juya shi, ya ce zaren yanzu ba irin na da ba ne, amma zai gwada. Sati uku ya gama. Ni da direba muka zauna a bayan gidana muna tsofar da zani. Muka jiƙa shi a ruwan shayi, muka wanke da sabulun salo sau bakwai, muka buga shi a kan dutse. Direba ya ce a shimfiɗa ya bi ta kai da mota, na ce ba kaza ba ce. Na ɗauko garwashi na huda daidai wurin, na bi da jan zare ina kwaikwayon ɗinkin marigayiya. Na turara shi, na kwantar da shi a cikin akwatin sati biyu ya sha ƙamshin sauran kayan. Da na fito da shi, ni kaina sai da na ɗauka na asalin ne.

"Ko mai shi ta dawo ba za ta gane ba," in ji direba. Sai ya ji abin da ya faɗa, ya ce, "Allah ya jiƙanta."

Mace aka haifa, aka sa mata sunan marigayiya. Na hau mota tun asuba, muka wuce Kara, muka wuce Mango, zanin a kan cinyata cikin leda, ban yarda an sa shi a but ba. Na miƙa wa Uwata a gaban mata. Ta karɓa da hannu biyu, ta kai shi hanci, ta warware ta girgiza sau ɗaya. Ta ce, "Na gode, Baba." Ta ninke ta ajiye a gefe. Na ce a raina na tsira. Na ci naman suna har da neman ƙari.

Washegari da hantsi, baƙi sun ragu, ta aika a kira ni. Tana zaune a bakin katifa, jaririya a cinya, zanin a gabanta.

"Baba, ina zanin Mma?"

"Ga shi nan a gabanki, Uwata."

Ta ɗauka ta girgiza. Ya yi ƙara, fat, irin ta sabon saƙi.

"Na Mma ba ya ƙara. Tun ina yarinya ya daina. In ka girgiza shi kamar ruwa yake zuba." Ta shafa jan zaren. "Wannan ɗinkin ka yi ƙoƙari. Wa ya nuna maka?"

Na laluba aljihu ina neman tabarau, ban san me zan karanta ba. Sai na zauna a ƙasa na faɗa mata duka: ruwan sanyi, takarda, rigar kakan direba, almakashi. Ina jira ta yi kuka ko ta ɗaga murya, in samu abin riƙewa. Ba ta yi ba. Ta gyara wa jaririya hula.

"Don direba," ta ce.

"Don direba."

"Yanzu zanin yana ina?"

"Nan garin, a sabon reshen kamfani. Kan babban titi, kafin tasha."

"Na sha wucewa ta wurin." Ta ninke zanin. "In na yi arba'in ka dawo ka kai ni."

Na koma Sokode na ƙirga kwanakin, na sake hawo mota. Muka tafi da safe, ita da goyo a cikin wani zanin atamfa na kasuwa, ni a gaba kamar mai jagora. An rataye abin a bayan kujerun masu jira. Rana tana shigowa ta gilashi, ta riga ta kashe launin gefe ɗaya. Mutane zaune sun ba shi baya, kowa da wayarsa. Ba wanda ya san mu, ba wanda ya san ɗankwalin mai shara ko laktayen darakta. Allon sunayen ma an bar shi a Sokode.

Ban nuna mata ba. Ta tsaya daga nesa, ta bi shi da ido, sai ta taka kai tsaye zuwa gefen dama. Ta sa yatsa a kan wani layi baƙi da fari, ta bi shi har inda ya nutse ƙarƙashin wani jan ƙyalle, ta tsallaka ta kama shi inda ya sake fitowa. Leɓenta yana motsi. Ƙirgawa take yi.

Mai gadi, wani dogon Bamoba, ɗan ƙabilar garin, ya taso. "Madam, ba a taɓawa."

Na ɗora tabarau, na sha gabansa, na ce daga Lome aka turo ni duba aikin. Ya kalli silifas ɗina, ya kalli hulata. Ya kalli Uwata, wadda ta juya ta jingina bayanta da bangon a hankali, har goyon ya manne da saƙar, kuncin jaririya a kan layin nan baƙi da fari. Ya koma kujerarsa, ya juya fuska waje.

Ta daɗe a haka. Yarinyar tana barci, ba ta san ana yi ba.

Da muka fito na cire hula, na zaro guntun nan mai ƙuna na miƙa mata. Shekara biyu da wani abu yana kaina, ya sha gumi. Ta duba shi, ta murza a tsakanin yatsu, ta kwance bakin zaninta ta ƙulle shi a ciki.

"Uwata, ki yafe mini."

"Na yafe, Baba. Allah ya yafe mana." Ta miƙo tafin hannu. "Makullin."

Yana wuyana a jikin igiya. Na ciro na ba ta. Zanin da muka tsofar kuwa, ta riga ta sa mini shi a jaka tun a gida, ban lura ba sai a tasha.

Bayan sati biyu mijinta ya biyo ta Sokode da motar kaya, ya gaishe ni da ladabi, har ƙasa, ya ɗauki akwatin. Ɗakin nasu har yau yana yoyo, na gani da idona, sun lulluɓe akwatin da leda. Bulo huɗun suna nan a ƙuryar ɗakina, ban kawar ba.

Tana kirana duk Juma'a kamar da. Tana aiko mini da gero da busasshiyar kuɓewa. In sun zo tana ɗora mini jikata a cinya, tana ce mata ga mijinki nan tsoho mai tabarau. Amma ko jakar hannunta ce, in za ta shiga kasuwa, gidan maƙwabciya take kaiwa ajiya. Ba da fushi take yi ba, ina jin ba ta ma san tana yi ba.

Direba ya rasu bara. Abin adon kuma ban san inda yake ba yanzu, an ce an sake fenti a reshen. Zanin ƙaryar da shi nake rufa in ruwa ya sauka. Jiya na wanke shi na girgiza kafin in shanya. Har yanzu yana ƙara.